Wa Zai Kama Yaya Arvel?

Tun da 'ya'yansa biyu suka kama aiki, yayana Arvel Messer ya daina kiransu da sunayensu. Hoyt, babban, ɗan sanda ne a gundumarmu, dokar jihar Tennessee yake yi wa aiki, don haka shi ne "Jiha". Lurleen, ƙaramar, ta sa kakin masu tsaron gandun daji da faffaɗar hularsu, daga Washington ake ba su umarni, ita ce "Tarayya". In an zauna cin abincin Lahadi sai ka ji shi yana cewa, "Jiha, miƙo mini waken nan. Ke kuma Tarayya, kin cinye gonar ubanki, ki rage masa ko ɓallin burodin masara ne." Su yi dariya, shi ma ya yi, amma ni da na san shi tun yana da gashi a ka, na san rabin maganar ba wasa ba ce. Ni ce Odessa, autar gidanmu, gwaggon yaran.

A cikin gandun nan aka haife mu, tun ba a kira shi gandu ba. Ina shekara takwas, Arvel yana ashirin, gwamnati ta tashe mu don ta mai da wurin gandu. Gidaje aka rushe, gonaki suka koma daji, yanzu masu yawon buɗe ido ne ke tsayawa ɗaukar hoto a inda muke shanya. Matattunmu ne kawai ba a tasa ba. Suna nan a Tudun Messer, kabari arba'in da uku. Bakwai ne masu rubutu. Sauran duwatsu ne na rafi da aka kafa a kan kowa, babu harafi ko ɗaya.

Lahadi ta biyu a watan Yuni ita ce Lahadin Ado. Dangi su taru daga ko'ina, a kankare ciyawa, a tula wa kowane kabari sabuwar ƙasa, a soka furannin takarda, a yi waƙa, a baje kaji da wake a kan dogon tebur. Amma kafin kowa ya sa loma a baki, sai Arvel ya cire hula ya bi layi, ya ɗora hannu a kan kowane dutse ya kira sunan mai shi, mu kuma mu amsa, "An tuna." A wajen mahaifiyarmu ya koya, kuma duk duniya shi kaɗai ya rage da ya san su duka. Na roƙe shi ya fi a ƙirga ya bari a rubuta. Sai ya ce, "Odessa, ranar da aka rubuta, ranar kowa ya sami dalilin mantawa." Taurin kan Messer ke nan, ni ma ba a bar ni a baya ba, sai dai nawa yana da hankali.

Wata Talata da hantsi cikin Afrilu, Lurleen ta shigo mini kicin da hularta a hannu. Ba ta gaishe ni ba, ta ja kujera ta zauna.

"Gwaggo, an sare bishiyar Tudu."

Na san bishiyar. Tsohuwa ce ƙwarai, mutum uku ba sa rungume ta. Aradu ta tsaga ta a bara, ta karkace a kan layukan kaburbura na tsakiya, kowa ya san iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kayar da ita. In ta faɗi ta watsa duwatsun nan, ko Arvel ba zai ƙara sanin wa ke ina ba. Ya rubuta wa ofishin gandu tun kaka, aka ce takardarsa ta tafi birni, za a duba.

"To, Allah ya yi wa wanda ya sare albarka," na ce. "Wa ya gan shi?"

"Ba sai an gan shi ba, Gwaggo. Tsakanin layi na uku da na huɗu, kin san faɗin wurin da ƙyar zai ɗauki kaurinta. A nan aka kwantar da ita. Ko dutse ɗaya bai gusa ba. Kututturen kuma an yanke shi daidai da ƙasa, sumul, ki ɗora kofi ba zai zube ba. Rassan an jera su bisa tsawo." Ta dube ni. "Mutum nawa ne a gundumar nan suka iya haka?"

Ɗaya ne. Arvel ya yi shekara talatin yana yankan katako, kuma har yau ko sandar wake zai yanke sai ya daidaita bakinta. Da ya bar hoton fuskarsa a wurin ma da ya fi sauƙin musu.

Ga yadda abin yake a wajenmu. Ƙasar gandu doka biyu ce a kanta. In ka yi laifi a ciki, jiha tana da hannu a kanka, tarayya ma tana da shi, amma sun saba a tsakaninsu cewa wanda ya fara rubuta ka shi ke da kai, ɗayan ya janye. Shi ya sa masu satar kifi a gandu suke addu'ar Allah ya haɗa su da Hoyt. In jiha ta kama ka, gaban Alƙali Dewey Ramsey za ka, wanda suke waƙar coci a benci ɗaya da Arvel. Ya yi maka faɗa, ya ci ka tara, ku haɗu ranar Lahadi. In tarayya ce, sai birni, kuma su suna da abin da Dewey ba shi da shi: suna iya hana ka taka gandu.

"Wata nawa ya rage Yuni?" in ji Lurleen, ba don ba ta sani ba. "Shugabana zai hau Tudu ranar Juma'a. Ni dai ban ga komai ba sai Juma'a. Kira mini Hoyt, Gwaggo. Ki ce ya je ya kama ubansa."

Da yamma muka je, ni da Hoyt, a motarsa ta aiki. Mun tarar da Arvel a baranda, ya ɗora dogon zartonsa a gwiwa yana wasa haƙoransa ɗaya bayan ɗaya. Ko ɓoye shi bai yi ba, tsohon banza.

Hoyt ƙato ne, wuyansa kamar na bijimi, amma a gaban ubansa sai ya koma ɗan shekara goma. Ya tsaya a matakala yana murza littafin sammaci.

"Baba, na zo ne a kan maganar bishiya."

"Wace bishiya? Ga su nan birjik, zaɓi wadda ta yi maka."

"Ta Tudu, Baba. Ka ce kai ne, in rubuta, ka sa hannu, shi ke nan. Dewey zai gama da kai kafin shayinsa ya huce."

"Kana da shaida?"

"Baba..."

"Ka ga ɗan sanda! Ba shaida, ba komai, ya zo yana roƙon mai laifi ya taimake shi. Odessa, da kuɗin harajinmu ake ciyar da wannan?"

Na ce, "Yaya, kai ma ka san abin da yaran nan suke yi. In Lurleen ta rubuta ka, birni za ka."

Ya hure garin ƙarfe daga zarto, ya duba haƙorin da ido ɗaya. "Jiha, ba ni da rigima da kai. Lokacin da aka karɓe ƙasar nan, jiha dillali ce kawai. Ni mai sayen nake nema. Shekara hamsin da huɗu ina jiran ranar da gwamnatin tarayya za ta kira sunana da bakinta, ta ce, Arvel Messer, kana da abin faɗa? Yanzu ranar ta zo, ka ce in kai kukana wajen Dewey, da ko waƙa ba ya iya ɗaukowa daidai?"

"Za su iya hana ka shiga gandu," in ji Hoyt.

"Su hana. Me zan yi a gandunsu? Hoto zan ɗauka?"

Mun ji wannan maganar, ni da Hoyt, kuma ba mu gane ta ba. Mun ɗauka cika baki ne. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina.

Ranar Alhamis da safe ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, ya saɓa zarto, ya tuƙa kansa har ofishin gandu. A gaban shugaban Lurleen ya shimfiɗa zarton a kan teburinta, ya ce ga mai laifi ga makami. Ba yadda ta iya. Wanda ya ba ni labari ya ce tana cikin rubutu sai Arvel ya leƙa takardar ya ce, "Rubuta da kyau mana, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Gwamnati guda ba ta iya rubuta sunan ubanta ba."

Da na ji, na wanke ƙafa na je na zazzage masa tas. Na ce ya sa 'yarsa kuka a gaban mutane don ya ji daɗin bakinsa. Na ce likita ya ce zuciyarsa ba ta son hayaniya, shi kuma ya tafi neman ta har ofis. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko zan goge masa farar rigarsa ta zuwa kotu. Na goge. Me zan yi? Shi ne ya goya ni a wuya muka sauko daga dutsen nan.

A tsakiyar Mayu aka kira shari'ar. Muka tafi birni mu huɗu a mota ɗaya, Lurleen da kakinta don ita ce mai kawo ƙara, ga wanda take ƙara zaune kusa da ita yana ba ta gyaɗa. Hanya duka yana bitar jawabinsa. Ya haɗo tun daga kakanmu da ya fara sare dajin, da farashin wulaƙanci da aka yi wa gona, da sunan kowane jami'i da ya zo da takarda. Na ce a raina, yau kotun nan sai ta kwana.

Alƙaliyar mace ce mai furfura, da tabarau a kan hanci. Ta karanta takarda, Arvel ya amsa laifinsa da ƙarfi kamar ana ba shi lambar yabo. Sai ta cire tabarau ta ce, "Mista Messer, kana da abin faɗa?"

Ya miƙe. Ya gyara kwat. Ya buɗe baki, ya rufe. Jawabin shekara hamsin da huɗu ya tsere ya bar shi tsaye da hula a hannu.

"Ranki ya daɗe," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa ƙasa. "Ranar da aka tashe mu, an riga an ɗora kaya a keken doki, ga masu rushe gida suna jira a tsakar gida. Uwata ta ce su dakata. Ta koma ciki ta share ɗakin tas, har ƙarƙashin inda gado yake, sannan ta jingine tsintsiyar ta fito. Ina so gwamnati ta san haka. Shi ke nan."

Ni ina wurin ranar, ni na riƙe mata abin kwashe shara, amma na manta sai da ya faɗa. Na kifa fuska a jakata.

Alƙaliyar ta mayar da tabaraunta. Ta ce, "Gwamnati ta ji, Mista Messer, kuma an rubuta." Ta ce ta ga hotunan wurin, ta kuma gane dalilinsa, don haka ba za ta ɗaure shi ba. Amma bishiya ce mai shekara ɗari biyu a ƙasar da doka ta hana a karya ko reshe, kuma in ta sake shi haka, gobe kowa zai shiga da gatarinsa da dalilinsa. Ta yanke masa shekara guda kada ya taka ƙasar gandu.

"Na gode, ranki ya daɗe," in ji Arvel, har da ɗan murmushi. "Ni dama Tudu kawai nake zuwa."

Alƙaliyar ta dubi takarda, ta dubi Lurleen. Lurleen ta sunkuyar da kai.

"Mista Messer, Tudun yana cikin gandu."

"A'a, ranki ya daɗe, maƙabarta ce. Tamu ce. Gandu ya kewaye ta dai."

"A taswira yana ciki. Hanyar zuwa ma tana ciki."

Sai a lokacin na gane. Duk tsawon shekarun nan, a tunanin Arvel, gwamnati ta karɓi gona da daji da rafi, amma bai taɓa kawowa a ransa wai ta karɓi ƙasar da uwarsa take kwance ba. Wa ke sayen kabari? Da Hoyt ya ce za a hana shi gandu, shi bai ji an ambaci Tudu ba. Ya tsaya yana duban alƙaliyar kamar ta yi masa wani yare, har Hoyt ya kama gwiwar hannunsa ya zaunar da shi.

A hanyar dawowa ba wanda ya ci gyaɗa. Da muka sauke shi a gida ya juyo ya ce, "Sai da safe, Hoyt. Sai da safe, Lurleen." Yarinyar nan ta jure har ya rufe ƙofa, sannan ta fashe da kuka a kafaɗata. Ta ce gara ya zage ta. Ta ce tun tana shekara ashirin da biyar rabon da ta ji sunanta a bakinsa.

Ba fushi yake da ita ba, na sani, kunya ce ta kama shi, kuma kunyar tsoho ta fi fushinsa nauyi. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Ya rame, kwat ya yi masa yawa. Likita ya ƙara masa ƙwaya, ya ja ni gefe ya ce mu lallaɓa shi. Ban tambayi likita ko Arvel zai ga Yunin baɗi ba, don ban son jin amsar.

Saura mako guda Lahadin Ado na je masa da littafi da fensir. Na ce, "Yaya, yau kam ba gardama. Faɗa in rubuta." Abin mamaki bai musa ba. Ya zauna a teburin kicin ya rufe ido ya fara. Ya kawo goma sha ɗaya, sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sa Inna Tilda a inda jaririn Cagle yake, ya gane ya yi kuskure, ya sake komawa, abin ya ƙara dagulewa. Ya buɗe ido, na ga tsoro a ciki, abin da ban taɓa gani a idon Arvel ba.

"Ba sa zuwa, Odessa. Ashe ba a kaina suke ba. Ƙafata ce ta san hanya, hannuna ya san dutse. Sai na taɓa sunan yake zuwa."

Na rufe littafin na dafa masa shayi.

Ranar ta zo da rana mai kyau. Mutum ya fi ɗari, har da 'yan uwanmu na Ohio da jikokinsu masu magana ta hanci. Inda kwaltar jiha ta ƙare akwai turken ƙarfe mai alamar gandu, daga nan motocin gandu ke kwasar tsofaffi su hau da su mil uku zuwa Tudu. A gindin turken nan Hoyt ya tsayar da motarsa ta aiki, tayar gaba saura taku ɗaya ta taɓa iyaka. Arvel yana zaune a gaba da farar riga. Ya ce shi dai a kawo shi ya ga wucewar mutane. Kowa ya zo wucewa sai ya leƙa taga ya gaishe shi, shi kuma ya ɗaga musu hannu.

Na ce wa Hoyt a kunne, "In ya sauka ya tsallaka fa?"

Ya ce, "Sai in kama shi, Gwaggo. Wannan karon kam ina da shaida."

A Tudu muka yi abin da aka saba. Maza suka kankare ciyawa, muka tula ƙasa, muka soka furanni. Gungumen bishiyar yana nan kwance tsakanin layi na uku da na huɗu, maza suna zagaya shi suna girgiza kai, wani ya ce ko da igiya aka auna sai haka. Aka yi waƙa uku. Sannan aka zo wurin kiran suna, sai kowa ya tsaya cirko-cirko. Fasto ya yi gyaran murya ya dube ni, ni na dubi ƙasa. Masu rubutun nan bakwai kowa zai iya karantawa, sauran talatin da shida kuwa suna nan sun zuba mana ido.

Sai wayar oba-obar da ke ɗamarar Lurleen ta yi ƙara. 'Yan sanda da masu tsaron gandu suna da layi ɗaya da suke haɗuwa a kai, saboda gobarar daji ko neman wanda ya ɓace. Muryar Hoyt ta fito. "Lurleen, kina jina? Ga shi nan. Na nuna masa inda ake dannawa."

Ashe sun ƙulla abinsu tun Laraba, ko ni ba su gaya mini ba, 'ya'yan ƙwal uba. Lurleen ta je wajen shugabanta ta ce takardar kotu ƙafa ta hana, ba ta ce komai a kan murya ba. Mutumin ya karanta sau biyu, ya ce shi ranar Lahadi ba ya kunna oba-obarsa.

Ta cire hula, ta ƙara murya, ta tsaya a bakin shiga. Aka ji shuuu, aka ji numfashi, sannan muryar Arvel, siririya kamar daga cikin gwangwani.

"Ba zan iya ba. Na gaya wa gwaggonki. Sai na taɓa."

"Ni zan taɓa, Baba. Ina bakin shiga, inda kake farawa. Ina zan nufa?"

Sai ya ce, "Hagu. Taku uku."

Ta yi taku uku. "Ba dutse a nan, Baba."

"Takun mutum na ce, Tarayya, ba takun 'yar tsana ba! Buɗe ƙafa!"

Jama'a suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, hawaye na zuba. Ta ƙara taku ɗaya ta durƙusa ta ɗora hannu. "Na same shi. Kansa a tsaye yake da kaifi, akwai tsaga ta gefen dama, yatsana yana shiga."

"Elam Messer," in ji oba-oba, ba ko jinkiri. "Kakan kakanki."

"An tuna," muka amsa, mu ɗari da wani abu.

"Taku biyu gaba. Ƙarami ne, mai santsi, kamar burodi."

"Haka yake, Baba."

"Matarsa, Sudie. Ita ta fi shi faɗa."

"An tuna."

Haka suka bi. Wani wurin shi zai fara faɗin kamannin dutsen, wani wurin sai ya kakare, ita ta shafa ta ce mai sanyi ne, ko ya kwanta baya, ko akwai farin zane a jikinsa, sai sunan ya faɗo masa. Can tsakiya wani ɗan sanda daga wancan gefen gunduma ya shigo layi yana cigiyar saniyar da ta fasa shinge. Kafin ya gama, matar da ke raba kira a ofishinsu ta daka masa tsawa ta ce ya sauka daga layin, Mista Arvel yana kiran mutanensa, saniya ta jira. Daga baya muka ji duk motar aiki da ke gundumar ranar, ta jiha da ta tarayya, an tsayar da ita a gefen hanya ana saurare.

Suka kai arba'in da uku. Gwiwar wandon Lurleen ta yi jawur da ƙasa. Mata suka fara buɗe kwanuka, fasto ya ɗaga hannu zai sa albarka, sai oba-oba ta sake magana.

"Kada kowa ya taɓa kazar nan. Ke, koma bakin shiga. Daga farko. Wannan karon ke za ki faɗa."

"Baba, sau ɗaya na..."

"Sau arba'in kika ji, tun kina goye. Kunnenki ya sani. Yanzu hannunki ma ya taɓa. Tafi."

Ta koma. Ta buɗe ƙafa ta yi taku uku ta ɗora hannu. "Elam Messer." Muka amsa. Oba-oba ta ce, "Uhm." Ta wuce na biyu, na uku, kowanne da "uhm" ɗinsa. A na shida ta ce Tilda, ya ce, "Tilda a nan? Kin kwantar da ita kusa da surukarta, kina son su tashi mana da dambe? Sake shafawa!" Ta sake, ta gyara. A na tara ta tsaya tsam, na ga leɓenta yana motsi, sai wata tsohuwa daga Ohio ta raɗa mata rabin sunan, ta ƙarasa. Daga nan abin ya fara zuwa mata da kansa. Ta tsallake gungumen ta shiga layi na huɗu.

A na ashirin da biyu ta faɗi suna, muka amsa, ta jira "uhm". Bai zo ba.

"Baba?"

Shuuu kawai. Ta sake dannawa. "Baba, kana jina? Hoyt?"

Na tuna fuskar likita da ya ja ni gefe. Na kama gefen tebur, na fara addu'ar da ban san me nake cewa ba. Mil uku ne tsakaninmu da turken nan, kuma ni ce na goge farar rigar da ke jikinsa.

Sai aka danna daga can. Hoyt ne.

"Ci gaba, Lurleen. Lafiyarsa ƙalau, yana jin ki. Hannunsa ne ke rawa, ya kasa danna abin." Aka ji gunaguni a bayansa. "Wai kuma in gaya wa jama'a ba kuka yake ba."

Lurleen ta goge fuska da hannun kakinta. Ta yi taku biyu, ta durƙusa gaban wani ɗan dutse baƙi mai faɗi, ta shafa shi tun daga sama har ƙasa. Ba wanda ya raɗa mata komai.

"Arminta Messer," ta ce. "Kakata."

Jama'a suka amsa. Ni ma na buɗe baki in amsa wa uwata, murya ta ƙi fita.